Guba A Jikin Shinge: Yaran Kudancin Kano Da Tsirran Da Suke Tsinka Su Ci

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, duk wanda ya saki titin Zariya a Kwanar Ɗangora ya kama hanyar Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore ya faɗa Doguwa, zai ga ƙasa ta yi shar ko'ina. Wannan yanki ne ya fi samun ruwan sama a faɗin Jihar Kano. Masara ta rufe ƙauyuka, shinkafa ta cika fadamu, abin da ba wanda ya shuka ma ya fito ya samu wurin zama: a gindin katanga, a kan juji, a kangon da ya rushe bara, a bayan turken awaki.

A daidai wannan lokaci ne kuma aiki ya fi yi wa manya yawa. Maigida yana gona tun sassafe, uwa tana fama da surfe da girkin masu noma, yaron da aka yaye kuwa an bar shi a hannun yayarsa 'yar shekara bakwai. Can a inuwar shinge sai a kafa wasan girki. An jera duwatsu uku, an ɗora gwangwanin tumatir, wata ta tsinko ganye ta yayyaga a ciki, wani ya fasa 'ya'yan wani tsiro ya zuba a matsayin gyaɗar miya. Manyan cikinsu sun san wasa ake yi, sai su kai baki su yi kamar sun ci. Ƙaramin bai san wannan ba. Shi duk abin da aka miƙo masa abinci ne.

Yawanci abin yana wucewa lami lafiya, domin galibin ciyayin da ke kewaye da gidajenmu ba sa kisa, wasu kuma ɗacinsu kan sa yaro ya tofar tun kafin ya haɗiye. Amma akwai 'yan ƙalilan da ba a wasa da su, kuma suna tsaye a inda yara ke wuni a Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa. Idan tsautsayi ya gitta, abin da ke raba yaron da ya tashi da wanda aka rasa sau da yawa shi ne abin da manya suka yi a sa'ar farko.

Shingen da dabba ba ta ci

A fara da bini-da-zugu, wanda wasu ke kira cini-da-zugu. Manomi yana son sa domin dalili mai kyau: ka yanki reshe ka soka a ƙasa ya kama, akuya da saniya kuma ba sa taɓa shi. Shi ya sa ake zagaye garka da gona da shi. 'Ya'yansa kore ne, su koma rawaya, sannan su bushe su yi baƙi. In an fasa akwai ƙwaya uku a ciki, baƙaƙe a waje, farare tas a ciki, masu maiƙo. Matsalar ita ce ba su da ɗaci. Ɗanɗanonsu ya yi kusa da na gyaɗa, don haka yaron da ya ci ɗaya zai nemi ta biyu, ya kuma kira abokansa.

Wannan ba sabon abu ba ne ga likitocin ƙasar Hausa. A shekarar 1986, masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun wallafa labarin yara biyu, ɗan shekara 3 da ɗan shekara 5, da suka ci ƙwayar bini-da-zugu, suka kamu da amai mai tsanani da rashin natsuwa, ruwan jikinsu ya ƙare. Haka abin yake zuwa: cikin rabin sa'a zuwa sa'o'i biyu sai ciwon ciki da amai, daga baya gudawa. Yawancin yaran da aka kai asibiti aka mayar musu da ruwan jiki suna warkewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Haɗarin yana kan ƙaramin da aka bari a ɗaki yana amai har idonsa ya faɗa.

Zurma ta fi shi sharri. Tana fitowa da kanta a kan juji da bakin kwata, da manyan ganye masu yatsu da ƙwaya mai sheƙi da zane-zane, irin wadda yaro zai so ya tara a aljihu. A cikin ƙwayar akwai risin, gubar da aka kashe marubucin Bulgeriya Georgi Markov da ita a Landan a 1978. Man zurma da ake sayarwa a kantin magani an raba shi da wannan guba, ita tana cikin ƙwayar ne, kuma taunawa ce ke sakin ta. Haka idon zakara, 'yar jar ƙwayar nan mai ɗigon baƙi da yara ke wasa da ita. Ɓawonta yana da tauri, in an haɗiye ta ɗungurungum takan fita yadda ta shiga, amma in an tauna ta ko an huda ta don yin sarƙa, gubarta tana iya taɓa hanta da ƙoda. Abin da ya sa waɗannan biyun suka fi yaudarar iyaye shi ne jinkirinsu. Yaro zai iya ci da hantsi ya ci gaba da wasansa, sai dare ya yi, wani lokaci ma sai washegari, ciwo ya tashi, alhali an manta da zancen.

Akwai kuma wata bishiyar ado da ake dasawa a harabar makarantu da ofisoshi da gidajen masu hali, mai siraran ganye da fure rawaya mai siffar mazurari. Duk jikinta guba ce mai rikita bugun zuciya, ƙwayarta ɗaya ko biyu na iya halaka ƙaramin yaro. Tumfafiya da tinya da aguwa kuwa, farin ruwan da ke fita in an karya su ne abin tsoro: yana ƙona baki, in ya shiga ido kuma yana iya lalata gani.

"Iska ce ta taɓa shi"

Babu tsiron da ya fi jefa iyaye cikin ruɗani kamar zaƙami. Kowa ya san labarin samarin da ke jefa shi a shayi ko zoɓo, amma ba kowa ke lura cewa yana tsaye a bayan ɗaki ba, da dogon furensa fari ko shunayya da ƙwallonsa mai ƙaya. In ƙwallon ya bushe sai ya tsage, ƙananan ƙwayoyi masu yawa su zube a ƙasa, daidai inda mai rarrafe ke kai hannu.

Cikin sa'a guda yaron da ya ci zai canza. Bakinsa ya bushe ƙamas, jikinsa ya yi zafi ba gumi, ƙwayar idonsa ta buɗe, zuciyarsa na dukan uku-uku, fitsari ya ƙi fita. Sai ya shiga surutai, yana miƙa hannu yana kama abin da ba wanda ke gani, yana kallon mahaifiyarsa kamar bai taɓa ganinta ba. Wace uwa ce za ta ga haka zuciyarta ba ta tafi ga aljanu ba? Nan take sai ka ji kaka ta ce, "Iska ce, a kira Malam." Wata maƙwabciya ta ce a yi turare, wata ta ce a rufe shi da bargo. Ga shi kuwa yaron ba ya iya gumi, hayaƙi da bargo zafi kawai suke ƙara masa. Wasu kuma, ganin damina ce, sai su ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, a ruga kemis a sayo allura.

Ba wanda ya ce a bar addu'a. Addini ma umarni ya yi da neman magani. A yi tofin a kan babur, ana tafe ana yi. Wannan hali kan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya saki yaro, kuma a asibiti ne ake iya sanyaya jikinsa, a kwantar masa da fizge-fizgen, a sa ido kan zuciyarsa da numfashinsa har gubar ta fita.

Darasi daga Indiya

Akwai wani tsiro da kusan ba wanda ke yi wa kallon haɗari, wato rai-ɗore. Ya saba da mu, mun saba da shi, ana dafa ganyensa don zazzaɓi, kuma ɗan'uwan tafasa ne da ake kwaɗo da ita. A gefen hanya sukan fito tare. Bambancinsu a ganye yake: na tafasa bakinsa a zagaye, na rai-ɗore bakinsa da tsini, in ka murza shi kuma yana da wari.

A yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya, musamman gundumar Saharanpur, an shafe shekaru ana rasa yara ƙanana duk ƙarshen damina. Yaro zai fara amai, ya rikice, ya suma, cikin kwana biyu ko uku ya cika. An daɗe ana zargin wata ƙwayar cuta mai kama ƙwaƙwalwa. Sai a 2007 likitocin ƙasar, ciki har da Vipin Vashishtha da T. Jacob John, suka nuna cewa yaran talakawa ne ke cin ɗanyun 'ya'yan rai-ɗore, gubar tana lalata musu hanta da tsoka da ƙwaƙwalwa. Da aka shiga wayar da kan iyaye ana tumɓuke shi daga kusa da gidaje, mace-macen suka ragu ƙwarai. Tsiron da ya yi wannan ɓarna shi ne dai wanda ke kan jujinmu.

Wani binciken da aka wallafa a 2017 kan yaran Muzaffarpur, a Indiyar dai, ya ƙara fito da wani abu da ya shafe mu. Can 'ya'yan itacen lici ne yara ke tsinta a lambu su ci, kuma waɗanda suka kwana ba su ci abincin dare ba su ne gubar ta fi kayarwa. Yunwa tana tura yaro ga abin da bai sani ba, sannan ta rage masa ƙarfin jure shi. A ƙauyukanmu watan Agusta ne rumbu ke yin ƙasa, sabon hatsi bai iso ba, kuma a watan ne ciyayi suka fi yawa. Ɗan ɗumame ko koko kafin yaro ya fita wasa yana cikin rigakafi.

Manja, nono da ruwan gishiri

Da zarar an ga kore a bakin yaro, gida kan ruɗe. "Me ka ci? Don Allah me ka ci?" Kafin ya buɗe baki an kai masa mari. Wannan marin shi ne kuskure na farko. Yaron da ya ga bulala zai ce bai ci komai ba, yayar da aka bar mata amana za ta ɓoye sauran ƙwayoyin a bayan randa, sauran yaran da suka ci tare kuma kowa ya sulale gidansu ya yi shiru. Labarin da likita ya fi buƙata ya ɓace ke nan.

Sai a shiga ɗure. Rahotannin asibitocin koyarwa na Najeriya kan yaran da suka sha guba sun sha nuna abu biyu: kananzir ne kan gaba a abin da yara ke sha, manja kuma shi ne kan gaba a abin da ake ɗura musu kafin a kawo su. A wajenmu ana ƙarawa da nono ko madara ko man shanu. Niyyar mai kyau ce, amma babu ɗayansu da ke karya gubar tsiro. Abin da ke faruwa shi ne a danne yaro yana kuka, a toshe masa hanci, a zuba mai. In ya ƙware, man ya gangara huhu, sai a samu ciwon huhu a kan gubar da ake gudu.

Ruwan gishiri mai kauri da ake bayarwa don a jawo amai ya fi wannan muni, domin gishirin kansa yana iya sa ƙaramin yaro jijjiga har ya mutu. Tura yatsa a maƙogwaro kuma yana jawo rauni da ƙwarewa. Ko a Amurka, inda aka daɗe ana ajiye wani maganin sa amai a gidaje, ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta janye wannan shawara tun 2003, bayan an ga ba ya ceton yaro. Gawayin murhu da ake dakawa shi ma ba shi ne na asibiti ba. Na asibiti an sarrafa shi musamman don ya kama guba a ciki, kuma ya fi amfani idan an ba da shi cikin sa'ar farko.

Bayan ɗure sai jira. A gidaje da yawa mace ba ta fita sai da izinin maigida, shi kuwa yana gona inda waya ba ta shiga. In ɗan fari ne, uwa tana kunyar nuna damuwa a gaban surukai, sai ta zuba ido ta ji abin da Inna za ta ce. Ga kuɗin babur, ga rafi ya kawo. Mutumin da ke ƙauyen Riruwai ko cikin lungunan Falgore ya san kafin ya kai babban asibitin Doguwa ko na Tudun Wada akwai aiki, balle a ce an tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko Asibitin Yara na Hasiya Bayero a birni, ko asibitin Shika a Zariya. Wanda hanyarsa ke da nisa shi ya fi kowa buƙatar tashi da wuri.

Abin da ya kamata a yi

Matakan ba su da yawa, kuma ba sa cin kuɗi. A cire abin da ya rage a bakin yaro, a goge, a kuskure masa. In idonsa biyu yana iya haɗiya, a ba shi ruwa kaɗan. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa komai. In yana gyangyaɗi ko amai ko jijjiga, a kwantar da shi a gefensa, kada a tura masa cokali a baki. In ruwan tumfafiya ko tinya ne ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15 kafin a kama hanya. In amai da gudawa sun fara kuma yaron yana farke, ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, wanda ake haɗawa da lita ɗaya ta ruwa, shi ake ba shi kaɗan-kaɗan a hanya.

Sannan a lallashi yaran. "Zo nan, 'yar albarka, nuna mini inda kuka tsinko, ba abin da zan yi miki." A tambayi guda nawa aka ci, da wane lokaci, da su wa aka ci. Duk yaron da ya sa baki a tafi da shi, ko da yana dariya. A karyo reshen tsiron da ganyensa da furensa da 'ya'yansa a sa a leda, in akwai waya a ɗauki hotonsa.

Wannan reshe yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, musamman a yankin da feshi ya zama ruwan dare, daga gonakin masara na Doguwa zuwa lambunan rani da ke shan ruwan madatsar Tiga a Bebeji. Wani lokaci ganyen da yaro ya tauna ba shi da laifi, maganin ƙwarin da aka fesa masa jiya ne matsalar. Wani lokaci kuma irin masara ne mai launin ja da aka shafa wa magani aka ajiye a ƙarƙashin gado, ko kwalbar fiya-fiya. Yaron da irin wannan maganin ƙwari ya kama yawu ne ke dalala, gumi na karyo masa, ƙwayar idonsa ta tsuke. Allurar da ke ceton sa ita ce atirofin. To, atirofin ɗin nan yana cikin sinadaran da ke sa zaƙami ya zama guba. Allura ɗaya ce, ta ceci wannan yaro, ta ƙara wa wancan ciwo. Shi ya sa ma'aikacin lafiya ke buƙatar ganin abin da aka ci da idonsa, shi ya sa kuma allurar kemis bisa ƙiyasi take da haɗari.

Ilimin da ke hannun tsofaffi

Maganin wannan matsala ba shi ne a hana yara daji ba. Kanya da ɗinya da magarya da tsada da taura da gwandar daji da ɗorawa da 'ya'yan kaɗanya sun raini kakanninmu, har gobe kuma suna cike gurbin abin da tukunya ta gaza. Yaron da ya tashi bai san su ba an tauye shi. Abin da ke raguwa shi ne mai nuna masa. A da, yarinya tana bin kakarta ɗiban ganye, yaro yana bin yayansa kiwo, a nan ake koyon wannan ana ci, wannan sai ya nuna, wannan ko akuya ba ta ci. Yawan wannan ilimi ne ya sa likitan Turawan mulki J. M. Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga littafi guda a 1916. Yau ana samun matashiyar uwa da ba za ta iya raba tafasa da rai-ɗore ba, alhali tsohuwar da ta san su duka tana zaune a ɗaki ɗaya da ita, ba wanda ya tambaye ta.

Ƙa'ida ɗaya ta isa a koya wa ɗan shekara uku: kada ka ci sai ka nuna wa babba. Wadda aka bar wa reno kuma a zagaya da ita a nuna mata tsirran da ido, a kama sunan kowanne. Zaƙami da zurma da rai-ɗore da suka fito a tsakar gida ko bakin ƙofa a tumɓuke su tun ba su yi 'ya'ya ba. Shingen bini-da-zugu na kusa da gida a riƙa sassabe shi kafin ya zuba ƙwaya.

Nauyin da ke kan hukuma

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zuwa farkon 2023 kashi 47 cikin 100 ne kawai na ƙasashe mambobinta ke da cibiyar ba da shawara kan guba, kuma Afirka na cikin inda giɓin ya fi faɗi. A ƙasashen da ke da ita, uwa tana buga waya ne a gaya mata ko ta zauna ko ta taho. Jiha mai ƙananan hukumomi 44 da manyan asibitoci da jami'o'i kamar Kano ba ta rasa masanan da za su riƙe layin waya guda, da Hausa, dare da rana.

Kafin a kai can akwai abin da za a iya yi a daminar bana. Ma'aikatan da ke bi gida-gida duk wata suna raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 suna shiga daidai gidajen da abin ya shafa, a daidai watannin da ya fi faruwa. A ba su takarda ɗaya mai hotunan waɗannan tsirrai. A manna irinta a kowane asibitin sha-ka-tafi da makarantar Islamiyya. Shugabannin makarantu su duba irin furannin da aka dasa a harabarsu. Dagatai da masu unguwanni su sa a share jujin da ke tsakiyar gari, limamai su yi magana a kai ranar Juma'a, gidajen rediyo su maimaita.

Magidanta kuwa, naku ya fi na kowa sauƙi. Tun yau kowa ya gaya wa iyalinsa a fili, a gaban mahaifiyarsa: in yaro ya ci abin da ba a sani ba, ko ina nan ko ba na nan, an ba ku izini, ku ɗauke shi ku tafi asibiti, ga kuɗin babur a ajiye. Iyaye mata, ku bar manja a kicin, ku ajiye bulala, ku karyo reshen ku riƙe a hannu. Yara amana ce, Allah Ya ba mu ikon riƙe ta.